Ƙwallo tana haɗiye sunan ƙauye

Musu ne ya kaure a teburin mai shayin tasharmu daren Asabar, bayan an taso daga gidan kallo. Wani matashi ya ce ƙaramar hukumarmu ba ta taɓa fitar da mutum ɗaya da ya ci abinci da ƙafarsa ba. Aka yi masa caa, aka shiga lissafi da yatsu. Da ƙyar aka haɗa huɗu, biyu ma sai da aka yi ta ja-in-ja a kansu: wannan ai a Fagge ya tashi, wancan kuwa mahaifiyarsa ce kawai 'yar nan. Sai wani dattijo mai goro ya ce, “To ku lissafo mini 'yan dambe.” Kafin shayina ya huce an wuce goma, kowa da garinsu da ubangidansa da wanda ya kashe a kakar bara.

Tun daren nake juya maganar. Ɗan dambe da sunan garinsu ko na maigidansa yake shiga fili, makaɗi da shi yake kiransa, ɓangarensa kuma sananne ne, Kudu ko Arewa ko Guramada. Ɗan ƙwallo kuwa yana barin ƙauye da shekara 14, ya sauka wurin kawunsa a Kurna ko Hotoro, ya shiga kulob ɗin unguwa. Ranar da za a cika masa takarda, gurbin wurin haihuwa sai a rubuta “Kano”, an gama. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta, takwas ne ake ƙirgawa a cikin birni da kewaye, amma a takardun ƙwallo kai ka ce sauran 36 ba a haihuwar maza a cikinsu. Yaran Jigawa ma haka birnin yake lanƙwame su, duk da cewa tun 1991 aka raba gari. Wani lokacin yaron da kansa yake ɓoyewa, don kada a riƙa ce masa ɗan ƙauye a sansani. Wannan kam laifinmu ne, mu masu tsokanar.

Wani zai ce mene ne a cikin suna? Kuɗi ne a ciki, kuma ba kaɗan ba.

Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Tun Nuwamban 2022 ma hukumar ta buɗe ofishi na musamman a Faransa da yake bin tarihin rajistar ɗan wasa ya aika wa kowa rabonsa. Sharaɗin ɗaya ne: kulob ɗin ya kasance da rajista, yaron ma an yi masa rajista a ƙarƙashinsa. Dubi Ahmed Musa. An san a Jos aka haife shi, an san makarantar ƙwallo ta GBS, an san kulob ɗin JUTH na Jos, an san Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, daga nan Holan a 2010, sai CSKA ta Rasha, sai Leicester a 2016. Kowane taki a rubuce yake. Duk shekarun da Kanawa suka yi suna rera sunansa a filin Ƙofar Mata, Jos ba ta rasa ɗanta ba.

Yanzu kwatanta da kocin garinmu. Faci yake yi a bakin titi. Da ribar facin yake shiga Ƙofar Wambai ya tsinto jesi na gwanjo, shi ya sa gaban rigunan kulob ɗin kowacce da tallan kamfanin da ke jikinta. Shi yake ɗinke ƙwallo da zaren buhu, shi yake roƙon iyaye su saki yaro bayan la'asar lokacin da aikin gona ya yi tsanani. Shekara huɗu ya riƙe wani yaro mai hagu, ranar da wani “wakili” ya zo da mota ya ce zai kai shi gwaji, abin da koci ya samu ƙwallaye biyu ne da godiya. Ko gobe aka sayar da yaron nan a Turai, a idon doka ba a taɓa yin kulob ɗinmu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Ƙaramar hukumar da asibitinta ba magani, rijiyoyin burtsatsenta rabi sun mutu, ina ta ga ta ƙwallo? Na yarda, da ciwon haihuwa da wasan yara ba a haɗa su a sikeli. Sai dai ba gaskiya ba ne a ce ba a kashe kuɗi a kan ƙwallon. Ana kashewa, duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Sai a sa kofin ciyaman, a kafa rumfuna, a yi hayar kujeru da lasifika, maroƙa su cika aljihu, a ba wanda ya ci babur, a ɗauki hoto. Ko takardar sunayen yaran da suka buga ba a ajiyewa. Kuɗin rumfa da kujerun yini ɗaya zai yi nisa wajen yi wa kulob-kulob ɗin mazaɓu rajista da hukumar ƙwallon jiha, a kuma zaunar da ma'aikaci ɗaya a sakatariya da littafi: sunan yaro, garinsu, kulob ɗinsa, shekarar da ya fara. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, uzurin “sai abin da jiha ta ce” ya fara tsufa.

Takardar haihuwa ma ta shiga ciki. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun masu buga gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma yaron da bai da takarda tun yana ƙarami shi aka fi sauƙin yi wa sabon suna da sabon gari da sabuwar shekara.

Ban ce kowane yaro zai zama Rabi'u Ali Pele, gwarzon da ya yi suna a Kano Pillars, ba. Galibi a ƙananan rukunai za su ƙare, wasu su dawo kan babur ɗin haya. To su ma namu ne, kuma albashin wata shida a ƙaramin kulob ya taɓa rufa wa gidaje asiri a nan.

Da na kai wa koci zancen kashi 5 ɗin, bai ce komai ba. Ya goge hannu da tsumma, ya jawo wani tsohon littafin rubutu na 'yan firamare daga ƙarƙashin benci, ruwa ya taɓa gefensa. Sunayen yaransa ne tun daga farko, da biro ja da shuɗi. Ya nuna mini na mai hagun nan, sannan ya ce, “Malam, wannan za su karɓa, ko sai mai hatimi?”