Wa ya taɓa gwada ruwan burtsatsen unguwarku?

Jama'ar Zamfara, tambayata ga duk wanda ke cikin kwamitin ruwa na unguwa ko ƙauye ce. Tun ranar da aka ƙaddamar da burtsatsen nan mai aiki da sola, manya suka zo aka yi hoto aka watse, sau nawa aka ɗebi ruwansa aka kai gwaji? A yawancin wurare amsar ita ce ko sau ɗaya ba a yi ba, kuma wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A unguwarmu a nan Gusau ana karɓar kuɗi a kan kowace jarka, kuma ban zargi kowa da cin ko sisi ba. Injin ya ƙone a sayo wani, bututu ya fashe a kira mai gyara, mai gadi ya karɓi haƙƙinsa. Sai dai duk lissafin a kan ruwa ya zubo yake. Ko ruwan da ya zubo ya dace a ba jariri, wannan ba shi da gurbi a littafin ma'aji.

Ku je ku duba da idonku. Murfin tankinmu iska ta ɗauke shi tun wata damina, aka rufe bakin da fallen kwano aka danne da dutse. Tattabaru a kai suke wuni. Wanda ya hau ya leƙa zai ga gansakuka ta yi kore a jikin bango, ga laka kwance a ƙasa. Bututun da ya nufi layin baya kuwa ta cikin kwata ya ratsa, inda ya tsage an naɗe da robar tayar keke. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsiyaya. Da rana ta faɗi tanki ya ƙare, ƙarfin ya sauka, sai bututun ya zuƙo ruwan kwatar ciki, kuma shi ne farkon abin da mai sammako zai tara da asuba. Ruwan ya fito daga ƙasa da tsabtarsa, mu muka ɓata shi a hanya. Ban ma taɓo jarkokin 'yan ga-ruwa ba, waɗanda ake toshe bakinsu da leda.

Mutane na cewa ai ruwan fari ne tas, ba wari ba ɗanɗano. Ƙwayar kwalara ba ta sauya launin ruwa. A 2021 mutum fiye da 100,000 ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya taɓa. Mu da muka ga abin da ya faru a 2010 a Anka da Bukkuyum, a Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, bai kamata a ce sai an roƙe mu mu yarda cewa guba na iya zama a inda ido ba ya gani ba. Gaskiya ne ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ita ce babbar hanyar da gubar ta bi, amma duk garin da ake wanke dutse kusa da rijiya ko tafki dole ne ya san abin da ke cikin ruwansa. Kuma a sani, tafasa ruwa ko zuba masa kilorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma.

Ƙa'ida kuma akwai ta a rubuce. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa a 2007, aka sabunta shi a 2015. A cikinsa ba a yarda a samu ƙwayar E. coli ko guda a mililita 100 na ruwa ba, domin samunta na nufin bayan gida ya shiga ruwan. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, sinadarin naitiret, wanda ke shiga ruwa daga taki da masai, kada ya wuce miligiram 50. Ma'aikatan tsabta sun daɗe suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Mai ƙaramar masana'antar fiya wata sai ya nemi rajistar NAFDAC kafin ya sayar, amma tankin da unguwa guda ke sha babu mai tambayarsa takarda. Ina duba-gari suka shiga ne?

Za a ce gwaji sai masu kuɗi. Ba duka ba. Akwai 'yar kwalbar gwaji da ake zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ya yi baƙi to akwai alamar ƙazanta. Akwai ƙwayar gwaji da ake jefawa cikin ruwan da aka sa wa kilorin, in ya yi ruwan hoda an san maganin yana nan, kuma abin da ake so a bakin famfo shi ne kada ya gaza miligiram 0.2 a lita. Matashi ɗaya da ya gama sakandare zai koyi wannan a wuni guda. Gwajin dalma da naitiret ne ke buƙatar ɗakin gwaji, shi kuwa ko sau ɗaya a shekara aka yi an rage duhu.

Don haka ga roƙona ga masu unguwanni da limamai da 'yan kwamiti, Allah ya ƙara muku haƙuri da jama'a. A ware wani kaso na kuɗin jarka da sunan tsabtar ruwa, kada a taɓa shi don gyaran inji. A wanke tanki kafin damina da bayanta, a yi masa murfi mai kwaɗo, a ɗaga bututu daga kwata. A sa mata cikin kwamitin, domin su ne ke fara ganin yaro ya soma gudawa, su ne kuma ke da iko da randa da moda. Sakamakon gwaji kuma a rubuta shi da kwanan wata a manna a jikin ginin famfo, da Hausa, boko da ajami. In ya fito da matsalar ƙwayoyin cuta a sanar a masallaci ranar, a ce kowa ya tafasa ruwan sha har a gyara. Kwamitinmu zai zauna ranar Juma'a bayan la'asar, kuma maganar murfin tanki ita zan fara gabatarwa.