Takarda na saya, ba rariya ba

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar asuba, na shimfiɗa tabarma a zaure, na cika alƙalamin mahaifina da tawada, na zaro takarda ɗaya daga sabon rim, wato ƙunshin takarda ɗari biyar, da na sayo a nan Birnin Kebbi. Bisimilla kawai na rubuta. Kafin in ɗaga hannu daga mim ɗin ƙarshe, haƙoran sin guda uku sun riga sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya, kowane harafi ya fitar da gashi ta gefe da gefe kamar saiwar gero, cikin mim ya toshe. Da na juya takardar sai ga rubutun ya ɓullo ta baya, har ya ɗiga a kan ta ƙasa. Na canza takarda, na sassauta hannu, haka. Na zaro daga tsakiyar rim, haka. Takarda shida na ɓata, kuma duk da sunan Allah a kansu, ba damar in dunƙule in jefa a shara, sai da na ƙona su a kasko na binne tokar. Wallahi raina ya ɓaci irin ɓacin da na daɗe ban yi ba, kuma har yanzu bai huce ba.

Aikin da na zauna yi ba na wasa ba ne. Kakana ya bar waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da nasabar gidanmu cikin ajami, suna cikin wata adaka a Gwandu, gara ta ci gefen wasu, yoyon ɗaki ya taɓa wasu. A duk zuri'armu ni kaɗai na rage da ke iya karanta hannunsa ba tare da tuntuɓe ba, ni ma idanuna sun fara rauni. Na yi niyyar in kwafe su da hannuna kafin abin ya fi ƙarfina. Masu cewa in ɗauki hoto a waya, na ɗauka. Amma waya nawa na canza cikin shekara goma, kuma hotuna nawa suka tafi tare da su? Shi kuma ajami abu ne na ɗigo. Ɗigo biyu da ɗigo uku ba harafi ɗaya ba ne, ɗigon fa yana ƙasa, na ƙaf yana sama, ga jan wasali da ke zama dab da baƙi. In tawada ta baje, ɗigo ya haɗe da ɗan'uwansa, maganar mamaci ce ta sauya, kuma ni ne zan ɗauki alhakin sauya ta.

Shi ya sa ranar da na shiga shagon sayen takardar ban ɓoye komai ba. Na fito da alƙalamin daga aljihu, Parker ne tsohon yayi mai shan tawada, na ce, "Alhaji, da wannan zan yi rubutu, ba biro ba ne, ba kuma na'urar kwafi za ta ci ba. Ina son takarda mai riƙe tawada." Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da rim, ya buga shi a kan tebur, ya ce, "Malam, wagga takarda ba ta da ta biyu. Duba nan, giram tamanin ta. Ita manyan ma'aikatu ka saye." Na ce ya ba ni ƙwaya ɗaya in gwada, ko da zan biya kuɗinta daban. Ya ce ba a buɗe rim sai an biya. Na san cinikin biri a sama ake so in yi, amma mutum ne mai furfura, ga carbi a hannu, ga rantsuwa. Na biya kuɗin da zai sayi tiyar shinkafa biyu har da canji, na rungumo abina.

Da na koma da takarda ɗaya da na ja wa layuka don shaida, ko karɓa bai yi ya duba ba. Ya ce, "Ni ban amsar kayan da anka buɗe. Tawadarka ta ka da ruwa." To ta yaya zan san aibin abu ban buɗe shi ba? Kafin biya an ce ba a buɗewa, bayan biya an ce an riga an buɗe. Wace ƙofa aka bar wa mai saye? Na fito da tsohuwar wasiƙa daga aljihu, na ja layi a bayanta da alƙalamin nan da tawadar nan a gabansa, layi ya tsaya siriri kamar zare. Sai ya juya ya hau sallamar wani mai sayen ambulan, ya bar ni tsaye kamar na zo bara.

Daga nan na wuce wurin wani mai sayar da daskararren kifi da ke da sikeli mai lamba, na roƙe shi ya ɗora mini rim ɗin. Lissafin ba shi da wuya, ko ɗan firamare zai yi shi. In an ce takarda giram 80 ce, ana nufin murabba'in mita ɗaya nata yana da nauyin giram 80. Takardar A4 guda 16 ke cika murabba'in mita, ke nan kowace ɗaya giram 5 ce, rim kuma takarda 500 ne, ya kamata ya yi kilo biyu da rabi. Nawa kilo 2.2 ya nuna, har da takardar da aka naɗe shi da ita. Cire shida ko bakwai da na yi amfani da su ba zai kawo wannan giɓi ba. Wannan nauyin takarda mai giram 70 ne. An buga 80 ɓaro-ɓaro a jikin kwali, an karɓi kuɗin 80, an ba ni 70. Mene ne sunan wannan in ba tauye mudu ba? Sura guda aka saukar da sunan masu wannan hali, kuma kowa ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ciki, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. A fiƙihun da muka karanta a zaure tun muna yara, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Ba alfarma na je nema ba, haƙƙina na je karɓa.

Wani zai ce ai ba Alhaji ya yi takardar ba, shi ma sarowa ya yi. Na ji. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Shi ya dube ni ido da ido ya rantse, shi ya hana ni gwaji, shi ya karɓi kuɗina. In bai san kayansa ba, ya ce bai sani ba mana.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawancin masu wannan sana'a ba su ma san abin da ke sa takarda ta riƙe tawada ba, ba su kuma damu su sani ba. Kauri kaɗai ba ya yi. Takarda zare-zare ce da aka matse, in an bar ta haka tsotse ruwa take yi kamar auduga. Sai an sa mata wani sinadari a ciki ko an shafe fuskarta da shi, kamar yadda ake sa wa shadda sitaci, sannan tawada ke zama a sama ta bushe a inda aka ajiye ta. Tawadar biro mai maiƙo ce, mai kauri, ba ta gudu, shi ya sa take rufa wa mummunar takarda asiri. Na'urar kwafi kuwa gari take narkawa ta manna da zafi, ita ma ba ruwanta. Tawadar alƙalami ruwa ce, ko ta kwalba ce irin Quink, ko ta gida da ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera a sa ƙaro, nan take take tona asirin takarda. Akwai wata takardar Japan da ake kira Tomoe River, giram 52 ce kacal, sirirya har kana hango yatsanka ta bayanta, amma tawada ba ta huda ta. Akwai Clairefontaine ta Faransa mai giram 90, santsi kamar ƙwai. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini ɗan littafinta tsaraba, na yi rubutu a gaba da baya ba tare da ko ɗigo ya ƙetare ba. Ban ce a cika kasuwar Birnin Kebbi da su ba, na san abin da canjin kuɗi ya koma tun 2023. Amma tsakanin waɗannan da rariyar da aka sayar mini akwai matsakaiciyar takarda mai mutunci, ita nake nema, ita ce na rasa.

Ku zo ku ga takardun kakana. Na ɗaga ɗaya a hasken ƙofa, sai ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, tambarin da ba a gani sai an haska. Irin wannan takarda daga arewacin Italiya take, yankin Banis, a wancan zamani masana'antu irin na gidan Galvani ke yin ta da tsummokaran auduga da lilin, a haye teku da ita zuwa Tarabulus, a ɗora wa raƙuma a ratsa Sahara har Kano, daga nan fatake su kawo ta Sakkwato da Gwandu. A kan irin waɗannan takardu na fatake malaman jihadi da almajiransu suka yi ta kwafe littattafai. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya kwanta dama a Gwandu wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, amma je ka ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, ka ga tsofaffin kwafe-kwafen rubuce-rubucensu, baƙi na nan baƙi, ja na nan ja. Ta kakana ta sha zafin bazara da ƙurar hunturu da danshin damina shekara da shekaru, gara ce kawai ta iya da gefenta, amma harafi ko ɗaya bai baje ba. Raƙumi ya kawo wa kakana takardar da ta fi wadda tirela ta kawo mini. Wannan abin kunya ne, kuma ina jin sa har cikin ƙashina.

Ba kuma don ƙasar nan ba ta taɓa yunƙurin yin tata ba. An kafa masana'antar takarda a Jebba, an kafa ta takardar jarida a Oku Iboku, an kafa ta Iwopin a jihar Ogun wadda aka yi domin farar takardar rubutu da ɗab'i. Yau kusan duk farar takardar da muke rubutu a kai daga waje ake shigo da ita. Wanda ba ya yin abu da kansa, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa, ga shi kuwa muna karɓa.

Ni dai tsoho ne mai alƙalami ɗaya, a iya cewa damuwata ta mutum ɗaya ce. To ku buɗe jakar 'ya'yanku. Ina koyarwa, ina duba littattafan yara kowane mako. Littafin da aka rubuta wa takarda sittin a bango, na sha ƙirgawa in samu bai kai ba. Takardar ta yi duhu-duhu, ta yi laushi kamar ta naɗe ƙosai. Yaro ya danna biro kaɗan ta huje, ya goge fensir sau biyu ta yage, rubutun shafin gaba ya hau kan na baya har shi kansa ba ya iya karanta abin da ya rubuta ranar jarrabawa. Sai mu hau yaro da faɗa, mu ce ƙazami ne, hannunsa kamar tonon kaza, alhali uban da ya sayar da buhun shinkafa ya saya masa littattafai shi aka cuta. Almajiran da ke rubuta Alƙur'ani da ka bayan sun haddace, su da ke kwashe watanni a kan izu sittin da alƙalamin gamba, su wa zai ji kukansu in takarda ta ci amanarsu a tsakiyar aiki?

Na gwada aikawa Kano ma. Wani abokina ya samo mini takarda mai kyau guda ɗari, ya gwada ta da tawada a gabansa, ya ba direba a tasha. Aka cusa ta ƙarƙashin buhu a but, ruwan sama ya same su a hanya. Da na kwance ƙunshin, rabi ya jiƙe ya kumbura ya yi tudu da kwari, ga kuɗin mota na biya cif. Direba ya ce ai takarda ce kawai.

Ga abin da nake nema daga masu shagunan littattafai na garin nan da na Argungu da Jega da Yawuri, kuma ba abu ne mai tsada ba. Ku buɗe rim ɗaya daga kowane iri ku ajiye a kan kanta, mai saye ya ja layi ya juya ya gani da idonsa. Ku ajiye sikeli. In takarda ta kwafi ce kawai, ku ce ta kwafi ce, mai so zai saya. Masu alhakin duba ingancin kaya kuma su leƙo shagunan takarda da sikelinsu kamar yadda ake leƙa gidajen mai. Kai kuma mai saye, tafi da alƙalaminka a cike, ka rubuta kalma, ka tsayar da bakin alƙalami wuri ɗaya na ɗan lokaci, ka juya bayan takardar ka duba. Wanda ya hana ka gwaji, mayar da kuɗinka aljihu ka fita, kada furfura ko rantsuwa ta ruɗe ka kamar yadda ta ruɗe ni.

Rim ɗin nan yana nan a kusurwar zaure, ba zan ba yara shi ba, ba kuma zan sayar wa wani in cuce shi ba. Ranar Litinin zan ɗauke shi, da takardar shaida, da lambar da sikeli ya nuna, in kai wa shugabannin 'yan kasuwa, a kira Alhaji a auna a gabansa. Takardun Kano da suka tsira arba'in da bakwai ne, waƙoƙin kakana kuwa sun haura shafi ɗari biyu, na fara da wadda gara ta fi ci.