A kai lissafin kusurwa wajen kafinta da magini

Ɗalibin sakandare a Zariya zai haddace sin da kos da tan, wato ƙa'idojin lissafin kusurwa, don jarrabawar WAEC, ya fito bai san abin da za su auna masa ba. A bayan makarantarsa kuwa kafinta na ɗora rufi da ƙiyasin ido. Wannan rata tana cin kuɗin masu gini, kuma laifin na yadda ake koyarwa ne.

A ɗauki ɗaki mai faɗin mita 8. Rabinsa mita 4, wato daga bango zuwa tsakiya inda ƙololuwar rufin za ta tsaya. Idan ana so rufin ya tashi da digiri 25, sai a ninka 4 da tan 25, wato 0.466, a sami tsayin ƙololuwa mita 1.87. A raba 4 da kos 25, wato 0.906, a sami tsawon katakon da zai kwanta daga ƙololuwa zuwa bango: mita 4.41, ban da lebatun da zai kare bango daga feshin ruwa. Tun a nan kafinta ya san katako mai ƙafa 12 ba zai kai ba, sai da haɗi, kuma zai shirya haɗin ya faɗa kan madogari. Mai gida da ya nace a ɗaga masa rufi zuwa digiri 40 don ado zai ga katakon ya koma mita 5.22, kwanon da zai saya ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari. Wanda ya kwantar da shi sosai don tsimi kuma, ruwan Agusta mai iska zai riƙa komawa ta bakin haɗin kwano, yoyo ya ruɓar da silin.

Batun alƙibla ya fi wannan nauyi. Mun saba cewa "gabas", amma Zariya tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), Makka kuwa ta haura 21. Lissafi ya nuna alƙiblarmu tana wajen digiri 67 daga arewa, wato ta karkata daga gabas sak zuwa arewa da digiri 23. Magini zai iya fitar da ita da igiya da turaku: ya auna mita 10 zuwa gabas, daga nan ya auna mita 4.2 zuwa arewa, domin tan 23 shi ne 0.424. Igiyar da ta haɗa turken farko da na ƙarshe ita ce alƙibla. Inda ake kuskure shi ne wajen gano gabas ɗin, saboda kamfas, har da na waya, yana rikicewa kusa da rodi da mota. Don tabbatarwa, ranar 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya rana tana tsaye bisa Ka'aba, inuwar sandar da aka kafa a miƙe za ta ba alƙibla baya daidai. Hakan na maimaituwa 16 ga Yuli, sai dai hadari kan hana.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli bai rasa masu koyar da wannan ba. Sassan safiyo da gine-gine su buɗe bita ta yini biyu da Hausa ga ƙungiyoyin kafintoci da magina da kwamitocin masallatai. Malaman lissafi kuma su fitar da ɗalibai filin makaranta da tef da kalkuleta, su auna tsayin tankin ruwa daga inuwarsa kafin a koma kan allo.