Littafin da ka saya a Kindle, na waye?

Tun ranar 26 ga Fabrairun 2025, da Amazon ya toshe hanyar sauke littafin Kindle, wato na'urarsa ta karanta littattafai, a kwamfuta a tura shi cikin na'ura ta igiyar USB, masu kare kamfanin ke ta maimaita baiti ɗaya: wai mutane ƙalilan ne ke bin wannan hanya, kuma ai littafinka yana nan cikin asusunka. Yana nan a ina? A rumbun wani, makullin kuma a aljihunsa.

Hanyar da aka toshe ita ce mafi sauƙi da mai karatu yake ajiye kwafin abin da ya biya kuɗinsa a inda hannun kamfani ba ya kaiwa. Wanda ke zaune inda intanet ke zuwa yau ya ɗauke gobe ya fi kowa sanin amfaninta.

Ana so mu yarda da amanar kamfani, alhali mun ga kamun ludayinsa. A Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane ya goge littafin George Orwell mai suna 1984, saboda wanda ya ɗora shi a kasuwar ba shi da izinin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, Jeff Bezos, shugaban kamfanin a lokacin, ya ba da haƙuri, amma kowa ya gane cewa ƙofar tana nan a buɗe. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duk abin da mutane suka saya ya daina buɗewa. Su ma an biya su, sai dai wanda ya je sayen littafi ba ajiyar kuɗi ya kai ba.

Hujjar kamfanonin ta kulle littattafai ɗaya ce, satar fasaha, kuma ta daɗe da tsufa. Kamfanin ɗab'i na Tor ya cire makullin DRM, mai hana kwafar littafi, daga littattafansa a 2012, bayan shekara guda ya ce bai ga satar ta ƙaru ba. Ɓarawo ya san yadda ake fasa makullin. Mai gaskiya da ya biya shi ne ke kwana a kulle.

Akwai wani tsohon littafi a kantata, bangonsa ya yage, shafi na arba'in da tabon shayi. Ƙanwata ta ara, ta ba ƙawarta, ya yi wata shida yana yawo kafin ya dawo da rubutun biro a gefe. Ko na mutu 'ya'yana za su gada. Wanne cikin waɗannan zan yi da "lasisi", wato izinin karatu kawai ba mallaka ba? Kalmar ke nan da ake ɓoyewa a ƙarƙashin maɓallin saye, har sai da jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a Janairun 2025, ta tilasta wa masu sayarwa su faɗa ƙarara.

Shi ya sa idan aka tambaye ni wace na'ura za a saya, ba na tsayawa kan hasken allo ko ƙarfin batir. Kobo, abokin hamayyar Kindle, yana karanta EPUB, tsarin littafin da na'urori da yawa ke buɗewa, kai tsaye, wannan alheri ne, amma yawancin littattafan shagonsa na ɗauke da makullin DRM na kamfanin Adobe, kada a ɗauke shi waliyyi. Ka tambayi mai sayarwa: ran da na bar ku, zan tafi da littattafaina? In ya fara inda-inda, mayar da kuɗinka aljihu.