Kunne ke fara gajiya da fim kafin ido

Fina-finai huɗu na kalla a 'yan makonnin nan: mai dogon zango na Hausa a YouTube, na Indiya mai fassara, na ban tsoro daga Koriya ta Kudu, sai na faɗa daga Amurka. Ba zan kama suna ba, kada a ce wani ne ya turo ni. Abin da ya raba su a wurina sauti ne, tsadar kyamara ba ta ko shigo lissafi ba.

Namu na gida hotonsa ya fita fes, falo irin na manyan gidajen Unguwar Rimi ta Kaduna, kowa ya sha shadda. Amma da miji ya buɗe baki sai ka ji kamar a cikin rijiya yake. Dalili a fili yake: makirfon da ke jikin kyamara aka dogara da shi, ga tayil a ƙasa, ga bango fayau, murya na dukan bango tana dawowa. Can baya kuma janareto na gurnani, kuma duk lokacin da aka yanka daga fuskar miji zuwa ta matar sai gurnanin ya sauya kala. Nan take mai kallo ya gane ba a lokaci ɗaya aka ɗauke su ba.

Gyaran wannan ba ya cin kuɗin kayan sawar jaruma na fitowa ɗaya. A ɗaura makirfo a sanda, a riƙe shi saman kan mai magana, tazarar kamu ɗaya ko ƙasa da haka, bakinsa na kallon bakin mutum. In ƙaramin nan na maƙalawa za a sa, a kula da shadda mai sitati, domin ko numfashi mutum ya ja sai ta yi ƙaras. A manne shi da filasta ta yadda yadi ba zai goge shi ba. A shimfiɗa bargo ko darduma a inda kyamara ba ta gani don su shanye amsa-kuwwa. Firij da fanka a kashe su, janareto a ja shi bayan katanga da doguwar waya. Kafin a fara, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan mai tacewa zai haɗa baki da murya daidai. Sannan abin da kusan kowa ke tsallakewa: in an gama fitowa, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin. Wannan shirun ake shimfiɗawa ƙarƙashin duk yankan da aka yi, sai kunne ya kasa gano ɗinkin.

Waje kuwa sai a hankali. Wanda ya ce zai ɗauki hirar masoya a gefen titin Ahmadu Bello ko ƙarƙashin gadar Kawo da rana tsaka, hon ɗin 'yan keke zai naɗa. Ko dai a fito da sassafe, ko a sake ɗaukar muryar a situdiyo. Lokacin hunturu kuma makirfon da ba a sa wa rigar gashi mai tare iska ba iska kawai yake ci.

 

Na Koriya shi ya fi burge ni, alhali gida ɗaya ne da mutum uku. Akwai wurin da yarinya ke saukowa daga bene cikin duhu, babu kiɗa ko kaɗan, sai ɗigar famfo da kukan katako ƙarƙashin ƙafarta. Mu a namu tun aljani bai fito ba kiɗan tsoro ya riga ya yi masa sallama, to me ya rage? Kuma wannan takun ba a wurin ɗauka aka same shi ba, daga baya ake ƙirƙirarsa a situdiyo, kamar yadda ake karya karas a gaban makirfo a samu ƙarar karyewar ƙashi.

Na Amurka bai tsira ba. An haɗa sautinsa don silima mai lasifika shida, da ya sauko kan waya sai fashewar bam ta danne magana. Ka ƙara murya don ka ji raɗar jarumi, harbi ya tashi maƙwabta.

Fassarar Indiya akwai nishaɗi, ba na musu, musamman in bos ya samu mai murya. Matsalarta ita ce in ba a samu kiɗa da ƙarar wuri a ware daga maganar asali ba, cire muryar ɗan Indiya na tafiya da komai. Sai ka ga kasuwa cike da jama'a amma shiru kamar maƙabarta, mutum ɗaya na zuba. Ga jimlar Hausa ta fi tsawo, jarumi ya rufe baki magana na ci gaba. A ƙirga gaɓoɓin kalma tun a takarda, a nemi "b" ko "m" a daidai inda leɓɓansa suka haɗu. Barkwanci kuma a daina cusa shi a wurin makoki, don Allah.

Masu shirya namu, yawancin masu kallonku a waya suke kallo, wasu a cikin keke daga Rigasa zuwa Kasuwar Barci. Kafin ku ɗora, ku saurari fim ɗin a ƙaramar waya ba tare da abin kunne ba. In ba ku ji abin da uwar miji ta faɗa ba, ku koma ku rage kiɗan.