Samarin Zango, wa ke cin moriyar ƙarfinku?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙannena na unguwannin Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina a Accra, yau da ku nake.

Allah Maɗaukakin Sarki da ya tashi yabon mutanen kogo a Suratul Kahfi, cewa ya yi su samari ne da suka yi imani da Ubangijinsu, sai ya ƙara musu shiriya. Ku duba tarihi kuma. Bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko, wa Manzon Allah (SAW) ya tura Madina ya karantar da mutane? Mus'ab bin Umair, saurayin da babu ɗan gayu kamarsa a Makka, wanda ya bar tufafi masu tsada da turare saboda Allah. Ya sauka gidan As'ad bin Zurara yana bin unguwanni yana karanta Alƙur'ani, har manyan gari irin su Usaid bin Hudair da Sa'ad bin Mu'az suka musulunta a hannunsa. Kafin Hijira ta zo, ya riga ya gyara gari. Usama bin Zaid kuwa bai kai shekara 20 ba aka ba shi tutar rundunar da Sayyidina Umar yake cikinta.

To mu fa? Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 38 cikin 100 na mutanen Ghana 'yan shekara 15 zuwa 35 ne. Yawa muna da shi, ƙarfi muna da shi. Kuma 'yan siyasa sun fi mu sanin haka, shi ya sa in zaɓe ya gabato motocinsu ba sa rabuwa da lungunanmu. A raba riga mai hoton ɗan takara, a zuba wa babur mai, a danƙa wa babban majalisa 'yan sidi (kuɗin Ghana), shi ke nan an sayi yaro. Shi ne mai gadi, shi ne mai jifa, shi ne kuma wanda 'yan sanda za su kwasa. 'Ya'yan mai gidan suna Ingila suna karatu. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a watan Janairun 2019 har doka aka yi ta hana ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa, amma doka ba ta shiga zuciya. Wanda ya ɗauki kansa kayan haya, kullum zai samu mai haya.

Ba na cewa ku bar siyasa. Ku yi rajista, ku yi zaɓe, wanda ya isa ma ya tsaya takarar asambuliman, wato kansila. Magana ita ce ƙarfin nan amana ne, kuma ranar ƙiyama ƙafar bawa ba za ta gushe ba sai an tambaye shi ƙuruciyarsa a me ya ƙarar da ita.

Ga aiki a bakin ƙofa. Ku tsaya kan gadar babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi ku leƙa: ledar ruwa, robar abinci, tsohuwar katifa, har mushen akuya. Ruwan nan kogin Odaw da ke ratsa Circle yake gangarawa. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, inda ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rayuka sama da 150, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gaskiya ne gina kwata aikin hukuma ne, kuma a ci gaba da binta bashi. Amma sharar da ake juyewa da zarar hadari ya haɗu, daga gidajenmu take fitowa. Annabi (SAW) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mun hardace hadisin tun muna makarantar Islamiyya, sai mu tsallake bola da fararen kayanmu mu tafi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda.

Kowace majalisa da ake dafa shayin ataya har ƙarfe biyun dare tana da majiya ƙarfi goma ko fiye. Ku ɗauki layi guda, naku. Asabar bayan Asuba a fito da shebur da baro, a haɗa kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku, ta kwashe. Wanda ya gama sakandare ya zauna da ƙannen da za su rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Abokinku da tiramol ya kama, kada ku mai da shi abin dariya a WhatsApp. Ku kama hannunsa zuwa asibiti, ku gaya wa mahaifiyarsa gaskiya.

Ku kuma iyayenmu, malamai da sarakunan Zango, kuna da naku. Yaro in ya kawo shawara a kwamitin masallaci, a daina ce masa yaushe aka haife ka. Ku ba su maɓallin ɗakin karatu, ku ba su littafin kuɗin gyaran famfo, ku sa ido, in sun karkace ku miƙar da su a keɓe ba a gaban jama'a ba.