Ireland ta Arewa: Gara Shingen Kwastam a Bakin Teku

Tun ranar da 'yan Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a watan Yunin 2016, aka san za a kafa shingen kwastam a wani wuri. Tambayar kawai ita ce a ina. Gwamnatin Landan ta yi alƙawari uku: za ta fita daga kasuwar bai-ɗaya ta Turai da tsarin kwastam ɗinta, ba za a maido da shinge tsakanin Ireland ta Arewa, wadda yankin Birtaniya ce, da Jamhuriyar Ireland, wadda ke cikin Tarayyar Turai, ba, sannan ba za a binciki kayan da ke tafiya tsakanin Ireland ta Arewa da sauran Birtaniya ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Iyakar tudu da ta raba tsibirin tun 1921 ta kai kusan kilomita 500, kuma hanyoyin tsallaka ta sun haura 200. Ta ratsa gonaki da ƙauyuka, wata hanyar ma sai ta shiga ta fita sau da yawa kafin matafiyi ya isa inda za shi. Madarar da aka tatsa a arewa, da yawanta a kudu ake sarrafa ta. Amma ba kasuwanci ne babban abin tsoro ba. A shekaru kusan 30 na rikici tsakanin masu son haɗewar tsibirin da masu son zama a Birtaniya, wanda ya ci rayuka kimanin 3,500, ofisoshin kwastam da shingayen soja na cikin wuraren da aka fi kai wa hari. Binciken kaya ya tsaya a 1993 da kasuwar bai-ɗaya ta kankama, shingayen tsaro kuma suka kau bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Ga mai son haɗewar tsibirin, ɓacewar shingen nan ne ya sa zama a ƙarƙashin Birtaniya ya zama abin da zai iya jurewa. Ka kafa kyamara ɗaya a bakin hanya, sai ta buƙaci ɗan sandan da zai tsare ta, shi kuma ya buƙaci soja.

Firaministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta so ta riƙe Birtaniya baki ɗaya kusa da tsarin kwastam na Turai, majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta sau uku a 2019. Magajinta Boris Johnson ya zo ya amince a mayar da binciken tashoshin jiragen ruwa irin su Belfast da Larne, Ireland ta Arewa kuma ta ci gaba da bin dokokin Turai kan kayan ciniki. A ganina zaɓin daidai ne. Tasha wuri ne da aka gina don bincike: ga sito, ga ma'aikata, ga takardun da aka aiko tun kafin jirgi ya taso. Tsare tashoshi ƙalilan ya fi tsare hanyoyin karkara 200 sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda aka yi ɓarna shi ne wajen faɗa wa mutane gaskiya. Johnson ya gaya wa 'yan kasuwar yankin cewa ba za a yi wani bincike ba, duk wanda aka miƙa wa takardar cikewa ya jefa ta kwandon shara. Da tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, sai ga takardun lafiyar dabbobi, ga sanarwar kwastam, ga ƙananan kamfanonin Ingila da suka daina aika kaya saboda wahalar ta fi ribar. Har taƙaddama aka yi kan shigo da ɗanyen nama mai sanyi. Masu kishin zama a Birtaniya suka ga an mayar da su baƙi a ƙasarsu, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Jam'iyyar DUP ta masu kishin zama a Birtaniya ta janye daga gwamnatin yankin da ɓangarorin biyu ke raba iko a cikinta a Fabrairun 2022, yankin ya shekara biyu babu zaɓaɓɓiyar gwamnati mai aiki.

Yarjejeniyar Windsor da firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, da shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, suka cimma a Fabrairun 2023 ta rage zafin. An raba kaya layi biyu: wanda zai tsaya a Ireland ta Arewa ya bi layin kore da ɗan bincike kaɗan, wanda zai iya zarcewa kudu ya bi layin ja. An liƙa wa nama da kayan madara tambarin cewa ba na kasuwar Turai ba ne. Wannan gyara ne na gaske, sai dai abin da ya kamata a yi tun farko ne, da ba a ɓata shekaru ana zage-zage ba.

Ciwon da bai warke ba na wakilci ne. Mutanen yankin na bin dokokin da ake rubutawa a Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, alhali ba su da ɗan majalisa ko ɗaya a can. An ba su birki: 'yan majalisar dokokin yankin, wato Stormont, su 30 daga aƙalla jam'iyyu biyu za su iya neman a dakatar da sauyin wata doka. To amma maɓallin yana hannun Landan, kuma da aka gwada takawa a karon farko, kan dokar tambarin sinadarai, ministan kula da yankin Hilary Benn ya ƙi amincewa a Janairun 2025. Ƙuri'ar da majalisar ta kaɗa a Disamban 2024 ta ci gaba da tsarin ta wuce da 48 kan 36, kuma dukkan masu kishin Birtaniya suna ɓangaren ƙi. A yankin da aka gina zaman lafiyarsa kan yardar ɓangarori biyu, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Duk da haka ban ga dalilin rushe tsarin ba. Masu cewa na'urori za su tsare iyakar tudu ba tare da shinge ba har yau ba su nuna inda aka taɓa yin hakan ba. Ko Norway da Sweden, da ke cikin kasuwa ɗaya, suna da ofisoshin kwastam a tsakaninsu. Bincike yana yawa ne gwargwadon bambancin dokoki, kuma mafi nauyinsa kan abinci da tsirrai da dabbobi yake. Shi ya sa matsayar da Landan da Brussels suka cimma a Mayun 2025, ta daidaita ƙa'idojin lafiyar abinci da dabbobi, ta fi duk wani layi mai launi muhimmanci. Farashinta shi ne Birtaniya gaba ɗaya ta bi dokokin Turai a wannan fanni, wato abin da masu goyon bayan ficewa suka tilasta wa Theresa May yin murabus a kan makamancinsa.